Kundin aikin "Sunaye Uku": wasan labari da ake ginawa a Tahoua

12 Janairu 2025

An tsayar da siffar wasan. Wasan labari ne na wayar hannu, irin wanda ɗan wasa ke yawo daga wuri zuwa wuri, yana magana da mutane, yana tara ƴan kaya a jaka, yana warware ƙulli kafin hanya ta buɗe masa. Babu harbi, babu tsere. Ɗan wasa zai riƙe Hasiya, bazawara mai shekara 23, mai sana'ar ɗinki a Tahoua, wadda ta fita neman wanta da ya tafi cin rani Abijan ya daina aike. An zaɓi bazawara da gangan, domin a nan ita ce za ta iya shiga tasha ta tsaya ta yi ciniki da maza ba tare da labarin ya zama ƙarya ba.

Zango biyar ne, bisa hanyar da motoci ke bi: tashar Tahoua, kasuwar Badagishiri, mararrabar Tsarnawa inda hanyar Tahoua ta haɗu da babban titin Yamai zuwa Maraɗi, sai Galmi wajen masu lodin albasa, sai Birnin Konni. Galmi na gabas da Tsarnawa, Konni na yamma, don haka dole Hasiya ta ratsa Tsarnawa sau biyu. Wannan ribar marubuci ce, domin mutanen da ta yi mu'amala da su a zuwa suna nan suna jiranta a dawowa, kuma ba su manta ba.

Za a rubuta labarin da ink, harshen rubuta labari mai rassa da kamfanin inkle na Ingila ya saki kyauta a 2016, wanda shi ne tushen wasansu 80 Days na 2014. Ana rubutu a manhajar Inky, a fitar da shi, sannan wata manhaja mai suna inkjs ta karanta shi a shafin intanet. Dalilin zaɓen: marubuci na iya gwada abin da ya rubuta nan take ba sai ya jira mai haɗa manhaja ba, kuma mai gwaji na buɗe wasan daga saƙon WhatsApp ba tare da ya sauke komai mai nauyi ba.

Ƙa'ida ɗaya aka amince da ita kafin a zana hoto ko guda: ba za a saka ƙofa a rufe a wasan nan ba sai in mutum ne ya rufe ta, kuma yana da dalilinsa. Zane zai jira rubutu.

2 Fabrairu 2025

Takardun hali na mutum shida sun kammala: Hasiya, Inna, Sani taubashin Hasiya mai kabu-kabu, Tanko ɗan kamasho, Hajiya Kulu mai abinci a Tsarnawa, da Alhaji Idi dillalin albasa. Kowace takarda shafi ɗaya ce tak. An hana ta wuce haka, domin tarihin rayuwa mai shafi goma ba ya taimakon mai rubuta layin magana. Abin da yake buƙata shi ne abin da zai sa ya san yadda mutumin zai amsa tambaya yau da rana.

Tambayoyin takardar biyar ne. Me mutumin yake so a yinin da Hasiya ta same shi? Me yake so tun da daɗewa wanda bai samu ba? Me yake ɓoyewa? Gaban wa yake jin nauyi? Wace magana ce ba za ta taɓa fita daga bakinsa ba? Ta ƙarshen ta fi sauran amfani nesa ba kusa ba. Tanko ba ya taɓa cewa "ban sani ba". Gara ya ƙirƙiro hanya da ya amsa jahilci, kuma wannan kaɗai ya ba mu ƙulli biyu, domin dole ɗan wasa ya koyi rarrabe lokacin da Tanko ya sani da lokacin da yake cika baki. Alamar tana cikin maganarsa: in ya sani, gajeriyar amsa yake bayarwa yana kallon motoci, in bai sani ba, sai rantsuwa ta yi yawa. Hajiya Kulu ba ta roƙon kowa komai, ko da gishiri ne, saboda haka duk abin da take buƙata sai dai ɗan wasa ya gane shi da ido.

Inna kuwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Rubutun farko na buɗe wasan ya zo kamar haka:

"Hasiya, wanki Mahamadu ya tafi Abijan shekara huɗu ke nan, kuma ya daina aiko da kuɗi. Ki je ki nemo shi."

Layin na da lahani biyu. Inna na gaya wa Hasiya abin da su duka suka sani, wato da ɗan wasa take magana, ba da ɗiyarta ba. Na biyu ya fi muni: babu uwar da ta tashi a Adar, wato yankin Tahoua, da za ta kama sunan ɗan fari haka gatsau. An sake shi:

Inna: "An ce an ga wancan wajen masu albasa."
Hasiya: "Yaya Mahamadu?"
Inna: "Ni ban ce kowa ba. Ɗauki goron ga ki kai ma kawunki, ki ce ina gaishe shi."

Yanzu sunan daga bakin Hasiya ya fito, umarnin tafiya bai fito ba sam, amma duk mai jin Hausa ya san an aike ta. Kunyar Inna ta zama kashin bayan wasan gaba ɗaya. Mutumin da ake nema suna uku gare shi: a gida Mahamadu ne, a tashar Tahoua "Abijan" suke ce masa, a Galmi kuma "Dogo". Duk wanda aka tambaya da sunan da bai sani ba, zai ce bai san shi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Aikin ɗan wasa shi ne ya gano cewa mutum ɗaya ne, ta hanyar abubuwan da ba sa canjawa: tabon ƙuna a hannun hagu, da yadda ba ya shan shayi da sukari.

Takardar Mahamadu ba a rubuta ba tukuna. An bar ta har sai an ji yadda sauran ke maganarsa.

22 Fabrairu 2025

Matsalar haruffa. A wasu wayoyin ƙ da ƴ na fita daidai, amma ɗ da ɓ na zama ƙaramin akwati ko su fito da wata siffa dabam da sauran rubutun. Dalili: a tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta da waya, ƙ da ƴ suna rukunin ƙarin haruffan Latin, su kuwa ƙananan ɗ da ɓ suna rukunin haruffan masana furuci, wanda salon haruffa da yawa ba su ɗauke da shi. Magani shi ne a haɗa salon haruffan cikin wasan, kada a dogara da na waya. An gwada Noto Sans da Andika. An ɗauki Andika saboda an yi shi ne domin masu koyon karatu, kuma lanƙwasar ɗ na fitowa sarai ko a ƙaramin allo. Sunayen zanguna da na ma'aunai, wato lambobin da wasan ke riƙe abin da ya faru da su, a cikin ink kuwa an rubuta su ba lanƙwasa, don gudun tangarɗa.

Akwatin magana layi 3 ne, kowane layi na ɗaukar harafi 38. An kafa iyakar harafi 110 ga kowace magana. Wadda ta wuce, ko a raba ta biyu ko a yanke. Galibi yankewa ta fi, domin abin da ke faɗuwa shi ne bayanin da mutumin ba zai yi ba da a gaske ne. Wasan ya bi rubutun Nijar, ƴ maimakon 'y.

13 Afrilu 2025

An zana taswirar ƙulle-ƙulle a babban kwali, daga ƙarshe zuwa farko: a rubuta abin da ɗan wasa ke son cimmawa a ƙasa, a tambayi me ya wajaba ya samu kafin nan, a hau sama da haka. Dabarar Ron Gilbert ce, wanda ya jagoranci The Secret of Monkey Island na 1990. Ƙulli 17 suka fito. An bi kowanne da tambaya guda: in aka cire mutumin da ke tsaye a nan aka sa kwaɗo da mabuɗi, wani abu zai canja? Shida ba su tsallake ba.

Ɗaya daga cikinsu shi ne na rumfar Alhaji Idi. A tsarin farko, Hasiya na buƙatar littafin da yake rubuta sunayen masu lodi. Littafin na cikin akwati, mabuɗin na rataye a ƙusa, sai a karkatar da hankalin yaron shago a ɗauke. Ƙullin na aiki, amma bai gaya wa kowa komai game da Alhaji ba, kuma ya mai da Hasiya ɓarauniya ba tare da labarin ya lura ba. Takardar halinsa ta ce abin da yake ɓoyewa shi ne idonsa ya raunana, ba ya iya karanta rubutun kansa, kuma yana tsoron masu kaya su gane su daina ba shi amana. Daga nan sabon ƙullin ya fito. Ɗan wasa zai ga Alhaji na miƙa wa yaro littafi yana cewa hannunsa da ƙura. Zai ga ya kira adadin buhuna ba daidai ba. In ya haɗa biyun, zaɓi na buɗewa. Hasiya na iya faɗa a gaban mutane cewa Alhaji ba ya gani, ta samu littafin ta rasa Alhaji har ƙarshen wasa. Tana iya jira sai an watse, ta ce, "Baba, in karanto maka, ka duba ko yaron ya rubuta daidai?" Ta wannan hanya sunan Dogo na fitowa daga bakinta tana karatu, shi kuma Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya ce mata ta maimaita. Mabuɗi da ƙusa sun fita daga wasan.

Dokoki biyu na Gilbert, daga maƙalar da ya rubuta a 1989 kan abin da ke ɓata irin waɗannan wasanni, an liƙa su a saman kwalin. Ta farko: ɗan wasa ya ga matsala kafin ya ga maganinta. Idan Hasiya ta tsinci man zafi a Badagishiri kafin ta san ƙafar Hajiya Kulu na ciwo, ba ta warware komai ba, tsintuwa ta yi. An mayar da mai maganin zuwa wurin da ba a iya saye sai an ga Hajiya na ɗingishi. Ta biyu: kada a bar ɗan wasa ya maƙale saboda abin da ya manta ko ya kashe a baya. Misalin da kowa ke kawowa shi ne King's Quest V na 1990, inda wanda ya cinye wani kek da wuri ba zai iya wuce dodon ƙanƙara can gaba ba, kuma wasan ba ya gaya masa ya riga ya faɗi.

Wannan ta shafe mu ta wajen kuɗi. Hasiya na fita da jika 7, wato sefa 7,000. Mai gwaji na iya kashe su a Badagishiri ya iso Tsarnawa ba kuɗin mota. Hana shi kashewa zai mai da kuɗin ado kawai. Abin da aka yi: duk inda kuɗi ya ƙare akwai hanya ta biyu, amma ta mutum ce. Ta wanke wa Hajiya Kulu kwanoni ta kwana a rumfarta, ko ta ci bashin Tanko. Kowacce na jan wani abu a gaba. A allo ana nuna kuɗi da lambar sefa, a baki kuwa da dala ake ciniki yadda ake yi a kasuwa: 100 dala ashirin, 500 dala ɗari. Masu gwaji na nan ba su ko lura ba. Na wajen Nijar sun rikice, don haka an sa Sani ya yi wa Hasiya tsiya kan lissafi a zangon farko, bayanin ya shige ciki.

4 Mayu 2025

Rassa sun fara yawa. Lissafin a fili yake: zaɓi 3 a kowace mararraba, mararraba 6 a jere, in ba a sake haɗa hanyoyin ba, ƙarshe 729 ke nan, kuma gutsattsarin rubutu 1,092. Ba mai iya rubuta wannan da kyau, kuma gutsure shida kawai ɗan wasa zai gani a ciki. Tsarin da aka koma shi ne a buɗe rassa cikin zango, a tattaro su a bakin fita, abin da ya faru kuma a riƙe shi a ma'auni.

An fara da ma'auni ɗaya ga kowane mutum, na ƙauna, daga 0 zuwa 10. Gwaji ya nuna illarsa cikin sauri: masu wasa sun gane cewa daɗin baki na ƙara lamba, sai suka bi kowa da fadanci, Hasiya ta zama marar hali. An rushe shi, an sa biyu, kowanne daga 0 zuwa 3: yarda da ganin girma. Ba sa tafiya tare. Hajiya Kulu na yarda da wanda ya yi mata aiki, amma tana ganin girman wanda ya ƙi karɓar sadakarta. Tanko na ganin girman wanda ya kama shi da ƙarya ya yi shiru, kuma yardarsa ba ta wuce 2 ko me aka yi. Akwai kuma alamomin i ko a'a guda 11, irin su "ta ci bashin Tanko" da "ta tona Alhaji". An tsayar da su a 11. Duk wanda ke son ƙara ɗaya sai ya nuna wurare biyu aƙalla da za a ji tasirinta, in ba haka ba nauyi ce kawai.

Ba a nuna wa ɗan wasa lambobin. Wasan The Walking Dead na kamfanin Telltale, na 2012, ya shahara da ɗan rubutun da ke fitowa a kusurwar allo yana sanar da cewa wane zai tuna abin da aka yi masa. Mu ba mu buƙatarsa, domin Hausa na da nata ma'aunin a cikin kira. Idan ganin girma na 0, Hajiya Kulu na cewa "ke". A 1, "yarinya". A 2, "Hasiya". A 3, "ɗiyata". Layin da ke biye bai canja ba, kalmar farko ce kawai, kuma a ink wannan sharaɗi ne na layi ɗaya da aka rubuta sau guda ake kira ko'ina. Masu gwaji sun ji sauyin ba tare da an nuna masu ba; akwai wanda ya koma baya ya sake zango sukutum don Hajiya ta daina ce masa "ke". Cikin duk abin da aka gina zuwa yanzu babu mai arhar wannan, babu kuma mai ƙarfinsa.

1 Yuni 2025

Gaisuwa. In aka rubuta ta cikakkiya kowane lokaci, ɗan wasa zai gaji da dannawa. In aka cire ta, mutanen sun daina zama Hausawa. Haɗuwar farko da babba na da musaya huɗu: kwana ko wuni, gajiya, gida, sai labari. Daga musaya ta biyu akwai zaɓin tsallakawa kai tsaye zuwa tambaya. Wajen Sani ba ya jawo komai. Wajen Alhaji Idi yana rage ganin girma da 1, kuma amsarsa ita ce, "Lahiya lau muke, tunda ba ki tambaya ba." Komawa ta biyu musaya ɗaya ce, ta uku ɗaga hannu. Ink na ƙirga sau nawa aka shiga kowane zango, don haka ba sai an ƙara ma'auni ba.

Karin harshe ma an daidaita shi. Inna, Tanko da Alhaji na magana da Adaranci: munka, anka, wanga, tahi, biɗa. Direban da ya fito daga Kano na cewa muka da aka. Hasiya na tsakani, tana karkata ga wanda take magana da shi, kamar yadda masu sana'a ke yi. Rubutun zaɓi da na bayani an bar su a daidaitacciyar Hausa don kowa ya bi. An yi wa kowane mutum jerin kalmomi 15 zuwa 20 da marubuci zai duba kafin ya miƙa aiki, domin da hannu uku ke rubutu, Tanko ya fara tahi a Tahoua ya koma tafi a Tsarnawa.

Sani ya ba da wahala ta wata fuska. Wasan taubasai, wanda UNESCO ta sa irinsa na Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014, ya ba mu ƙulli mai daɗi: Hasiya na buƙatar ya kai ta Badagishiri kyauta, kuma hanyar ita ce ta kada shi a baƙar magana, zagaye uku, kowanne da amsa huɗu. Monkey Island ya yi makamancin haka da faɗan takobi da ake ci da zagi. Amma a can ana haddace amsoshi ne; a nan amsar da ke ci ita ce wadda ta taɓo abin da ɗan wasa ya gani da idonsa, kamar tayar babur da aka ɗaure da roba. Matsalar ita ce Sani ya zama mai ban dariya kawai. Takardarsa ta ce shi ne ya raka Mahamadu tasha ranar tafiya, kuma shi ya ranta masa kuɗin mota. An ƙara wuri ɗaya, a hanya, inda Hasiya ta jefa masa tsiya bai rama ba. Layi biyu ne. Daga nan duk wasansa na baya ya sauya ma'ana.

29 Yuni 2025

Wasan na tsayawa cik a rumfar Hajiya Kulu idan aka koma sau da yawa. A ink, zaɓin da aka fara da tauraro sau ɗaya ake ganinsa, wanda aka fara da alamar tarawa kuwa yana dawwama. Duk tambayoyin rumfar na tauraro ne, da suka ƙare sai labarin ya rasa inda zai bi. An sa zaɓin ficewa mai dawwama a kowane wuri, da hanyar ko-ta-kwana marar rubutu da ke ɗaukar ɗan wasa in komai ya ƙare. An kuma rubuta wa kowane mutum layi 4 na "babu sabon zance", a bakinsa, suna juyawa. Na Tanko duk alkawuran mota ne da ke "tahowa yanzu".

27 Yuli 2025

An fara ɗaukar murya, domin da yawa daga waɗanda aka yi wasan dominsu sun fi jin Hausa da kunne fiye da karanta ta a boko. Layukan da za a faɗa sun kai 900, kowanne kimanin daƙiƙa 4, wato awa ɗaya. A tsarin WAV wannan ya haura megabayit 300, abin da ba mai sayen data da zai yafe. A tsarin Opus, kilobit 24 a daƙiƙa, bai kai megabayit 11 ba, kuma murya na fita garau. Kowane layi na da lamba a ink bayan alamar #, sunan fayil ɗin sautin kuma lambar ce. In aka gyara layi bayan ɗauka, sai a ƙara harafi a lambar don a san sautin ya tsufa. Ana ɗauka da manhajar Audacity, a ɗaki mai labule da katifa jingine da bango, fanka a kashe. Ranar da hadari ya taso ba a ɗauka, kwanon rufi ba ya bari.

Karatu da baki ya zama tacewa ta ƙarshe. Duk layin da mai murya ya yi tuntuɓe a kai sau biyu, ba a matsa masa. Layin ake dubawa. Kusan kullum ɗayan biyu ne: ko jimlar an gina ta da tsarin Faransanci, ko mutumin na faɗin abin da ke ransa kai tsaye. Hajiya Kulu na da layin da take cewa tana kewar ɗanta da ya tafi Libiya. Mai muryar ta ce mace irin wannan ba za ta faɗa ba. Yanzu Hajiya na zuba abinci kwano biyu, ta dubi na biyun, ta tura wa Hasiya ta ce, "Ci, an riga an zuba." An rubuta wa mai zane ya ƙara kwanon.

24 Agusta 2025

Takardar Mahamadu ta fito, kuma ta tilasta sake zango na biyar. A tsarin da ke kan kwali, ɓarayi ne suka tare shi a hanya suka ƙwace komai, kunyar komawa hannu wofi ta riƙe shi a Galmi. Masu gwajin da suka kai Konni sun ce sun tausaya masa, amma ba wanda ya yi jinkiri wajen zaɓi: kowa ya ce ya taho gida. Zaɓin da kowa ke ɗauka ba tare da tunani ba, ba zaɓi ba ne, kuma laifin na mutumin ne da aka rubuta ba shi da hannu a abin da ya same shi.

Sabon tsarin ya fito daga abin da kowa ya sani a garuruwan ƴan cin rani: mai dawowa gida shi ake ba saƙo. Mutum uku a Abijan sun ba Mahamadu kuɗi ya kai wa iyalansu. Ya ga albasa na tashi, ya ce bari ya juya kuɗin sau ɗaya kafin ya miƙa, ya sayi buhuna, farashi ya faɗi, rabi ya ruɓe a ajiya. Lodin da yake yi yana tara abin biya ne, ya biya gida ɗaya, saura biyu. Ɗayan biyun gidan Hajiya Kulu ne, don haka ɗanta ya koma Abijan a rubutu maimakon Libiya, kuma sai an sake ɗaukar layi 6 na muryarta. Ita ba ta san an taɓa aiko mata da komai ba. A zatonta ɗan ya manta da ita.

Da wannan, ratsa Tsarnawa ta ƙarshe a hanyar komawa Tahoua ta zama wurin da wasan ke yanke hukunci, saboda haka an ƙara zango na shida, gajere, wuri ɗaya, mutum biyu. Hasiya na iya gaya wa Hajiya gaskiya ta tona wanta, ko ta rufa masa asiri ta bar uwa da zaton da ba haka ba, ko, in yardar Mahamadu ta kai 3, ta sa shi ya sauko daga mota ya faɗa da bakinsa. Hanya ta uku na buƙatar alamomi biyu daga baya: ba ta tona Alhaji ba, domin labarin tonon zai riga ta isa wajen Dogo, kuma ba ta da bashin Tanko a kanta, domin wanda ake bi bashi ba ya yi wa wanda ake bi bashi wa'azi.

Abin da ba a daidaita ba shi ne Inna. Wasu a cikinmu na son ta kira sunan ɗanta sau ɗaya a ƙarshe. Wasu na ganin wannan zai rushe matar da aka gina tun layin farko, domin ta faranta wa ɗan wasa. An rubuta siga biyu, za a ɗauki muryar duka a ba masu gwaji ba tare da an gaya masu akwai wata ba, kuma za a fi sauraron mata masu ƴaƴa manya. Zanen zango na 1 zuwa na 3 ya fara. Na Galmi na jiran hotunan rumfunan ajiyar albasa da za a ɗauko, na shida kuma na jiran rubutu.